Tabon Goshin Ɗayyabu

Ku matso. Kai Nafi'u, in ka yi dariya wallahi na fasa.

Ɗayyabu ɗan Inna Kulu ai kun san shi, wanda ke ɗakin baya. Da can bincike yake a jami'a. Akwai wani baƙin faifai da suke sanyayawa da ruwa mai hayaƙi, ruwan da ya fi ƙanƙara sanyi. In ya yi sanyi sai maganaɗisu ya tsaya a samansa, a iska, ba abin da ke riƙe da shi. Ya ce min wasu 'yan guguwa ne da ido ba ya gani suke ratsa faifan. Inda duk suka sami tabo, nan suke maƙalewa. Aikinsa ke nan, yi wa faifai tabo don ya kama su.

Ran nan da magariba, abokan aikinsa sun watse, yana sauri ya kama motar gida don Inna ba lafiya. Ya ɗauki ragowar ruwan ya watsa a bayan ɗakin binciken. Ko bisimilla babu.

Yana juyowa sai ga tsohuwa.

"Ɗan nan, ka ƙona min jikoki."

"Iya, ai ruwan zafi aka hana zubarwa. Wannan na sanyi ne."

"Sa hannunka a ciki."

Ya sunkuyar da kai, sai ya ga ƙafafunta. Ba su taɓa ƙasa ba. Lilo take a hankali, kamar maganaɗisun nan nasa.

"Waɗanda suka rage ba su da wurin zama," in ji ta. "Kai ka san inda suke son maƙalewa."

Ta ɗora yatsa a tabon goshinsa, wanda ya samu tun yana yaro. Sanyi ƙalau.

Da safe aka tsince shi yana juyawa a wuri guda. Ɗauko shi aka yi aka kawo gida. Inna ta rasu a ɗakin da ke kusa da nasa tana kiran sunansa, shi kuwa ya kasa taku ɗaya zuwa ƙofarta. An yi ruƙiyya, an yi rubutu, an je asibiti. Ni dai na cire rai, kuma abin na ci na.

Kada wanda ya sake zuwa bayan ɗaki shi kaɗai da magariba, ko ruwan randa ne a hannunsa.

Shh. Kun ji wannan shaa, shaa? Ƙafarsa ce, har yanzu juyawa yake.