Motar da Ke Fuskantar Hanya

A bakin tafkin da ke gindin wani dutse mai aman wuta Wendell ya fara ganin Nerea, durƙushe cikin ƙanƙara tana share na'urar auna motsin ƙasa. Ya miƙa mata kofi mai zafi, ya tambaye ta ko dutsen ya yi mata magana yau. Ta ce ya yi, sai dai ba ya hira da masu surutu.

Tun ranar yake kiranta Kunnen Ƙasa.

Amma a garinsu ba a ambaton aman wuta. Shekara arba'in da suka wuce masu awo irinta suka yi gargaɗin dutsen zai fashe, baƙi suka ƙaurace, masaukin mahaifin Wendell ya zama kufai. Dutsen bai fashe ba. Mahaifin ne baƙin ciki ya yi ta ci har ya kai shi kabari.

Ranar da Wendell ya kai ta gida, mahaifiyarsa Lorna ko kujera ba ta nuna mata ba.

"Ki ce dutsen nan ya mutu, in ba ki ɗana."

"Ƙasan ɗakin nan ya ɗaga da kaurin yatsa bana. Ba zan ce ba."

Wendell ya sunkuyar da kai. Shirunsa ya fi korar yi wa Nerea ciwo.

Wata biyar tana hawa dutse ita kaɗai. In ta shiga shago hira ta mutu. Ta yi kuka a mota, amma ba wanda ya taɓa ganin hawayenta.

Wendell ya turo saƙo: "Kunnen Ƙasa, shiruna ba yarda ba ne. Uwa ce. Na kasa cin abinci."

Ta amsa: "Ni ma. Amma ba zan sayi aure da ƙarya ba."

Da ƙanƙara ta fara narkewa, ƙasa ta yi ƙananan girgiza ɗari uku cikin kwana biyu. Da safe Nerea ta je duba na'urar da ke bayan masaukin, ta tarar da Lorna zaune a mota, ta riga ta tayar da ita, hancin motar na kallon hanyar fita gari, hoton mijinta a cinya. Tsohuwar ta ce shekara arba'in haka take ajiye motar, ko marigayin bai san dalili ba.

"Faɗa min gaskiya, 'yar nan. Mu gudu?"

Nerea ta nuna mata awon: motsin yana can ƙasa da nisa, bai taso ba.

"Yau dai a'a, Mama. Ranar da ta kama, ƙofarki zan fara bugawa."

Lorna ta kashe motar tana hawaye. Ta ce da yarinyar ta yi mata ƙarya wancan karon, yau wa za ta yarda da shi?

A bakin tafkin aka ɗaura auren. Wendell ya riƙe hannun amaryarsa kamar za a ƙwace. Lorna ta dafa kawunansu.

"Allah Ya zaunar da ku, ko ƙasa ba ta zauna ba."