Koren Ruwan Mma Adisa

Magariba ta kawo kai a zangon Salaga, kaji sun shige akurki, Mma Adisa tana kwashe tuwo, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Ba dutse ba ne. Gutsuren gilashin sola ne, baƙi, da ɗuminsa.

Tun rasuwar mijinta sana'arta ke nan. Matattun farantan sola take sarowa daga Bawku, ta ɓare alminiyam, ta zare jan ƙarfe, ta jiƙa sauran a asid har azurfa ta fito. Mace ce da ba a taya kayanta sau biyu. Koren ruwan da ke saura kuwa, ba wanda ya taɓa tambayar inda yake zuwa.

Jifa ya zama na kowace magariba. Sannan 'yarta Latifatu ta bar cin abinci. Sai ta zauna a bakin ƙofa, ido a runtse, hawaye na zuba, tana nishi da muryar tsoho.

Aka ɗauko Afa Mutaru, malamin ruƙiyya, daga Yendi. Matan unguwa suka cika tsakar gida, har da maƙwabciya Mma Bashiratu, wadda fatar hannunta ke saɓulewa tun rani. Adisa ce ma ta ce mata sabulu ne, ta canza.

Afa ya daɗe yana karatu. Sannan ya dubi Latifatu ya yi tambaya.

"Wane ne kai?"

"Mai tsohuwar rijiyar bayan katanga," in ji muryar daga bakin yarinyar. "Ko ruwan zafi mace za ta watsa, takan yi bismilla mu janye 'ya'yanmu. Wannan ta juye mana koren ruwa mai ci kamar wuta, shiru. Jikana ba ya gani."

Afa ya waiwayo. "Mma, mantuwa ce?"

Muryar ta yi dariya, ƙasa-ƙasa. "Ba ta manta ba. Kunyar sunan Allah ta ji. Ta san da ruwan rijiyar nan matan unguwa ke wanki."

Bashiratu ta dubi tafin hannunta. Sannan ta ɗago ta dubi Adisa.

Adisa ta gyara ɗaurin zani. "Afa, ce masa rago."

"Ba na cin rago."

"Biyu, da farin zakara."

"Mma, nan ba kasuwa ba ce," in ji Afa.

"Ta yashe rijiyar da hannunta," in ji muryar. "Ba ɗan haya. Har sai ruwa ya fito fari."

Adisa ta ce, "To da asuba, kafin mutane su…"

"Da hantsi," in ji muryar.

Latifatu ta ƙwalla ƙara, ta kai yatsu tana ƙoƙarin ƙwaƙule idonta. Adisa ta zube kan gwiwa a gaban matan da ta saba gaisarwa a tsaye.

"Na yarda. Ni ce. Sakar mini ita."

Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki. Mata suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Latifatu ta buɗe ido a hankali. "Mma, me kike yi a ƙasa? Me ya faru?"

Adisa ba ta ɗaga kai ba.

"Gobe da hantsi ki biyo ni bakin rijiya. Gara ki gani da idonki, da ki ji a bakin wani."