Rediyon Ɗakin Amarya

"Wace irin ƙofa ce wannan mai yatsu biyar?"

Barira ta ja gyale ta rufe kuncinta. "Na ce miki ƙofa na buge, Maman Noah..."

"Ni za ki gaya wa? Aikina ke nan a asibiti, wanke ciwo! Juyo nan!"

Hilda ce, wadda ake kira Maman Noah, mutuniyar Kaltungo, maƙwabciyarta a gidan hayar da suke zaune a Jekadafari. Ta sa auduga a kunnen Barira na hagu, ta fito da ita jajir. Sai ta ƙyasta yatsu kusa da kunnen.

"Kin ji?"

"Me?"

Hilda ta zauna daɓas a kan tabarma. "Amarya, mutumin nan kashe ki zai yi. Tashi mu je wurin 'yan sanda. Likita ya duba ki, a kai shi gaban majistare. Duka laifi ne, ko matarsa ce ke!"

"In kai mijina gidan yari? Da wane ido zan dubi mutane?"

"To je wurin alƙalinku na Musulunci mana!"

"Yana sona, Maman Noah... wallahi yana sona. Zuciya ce kawai."

Kuma ba ƙarya ta yi ba, abin haushin ke nan. Ja'afaru ba ɗaura mata shi aka yi ba, ita ta gani ta ce ta ji. Direban tifa ne a kamfanin da ke shimfiɗa sabuwar kwalta, a shekarun nan da kowa ke cewa arzikin mai ya zo. Dogo, mai fara'a, ga baki kamar zuma. Tun suna zance a ƙofar gidansu yake da wata ɗabi'a, sai ya sunkuyo ta gefenta na hagu ya raɗa mata, "Sanyin idona." Ranar da ta tare ya kawo mata rediyo mai rigar fata, irin wadda ko matar ɗan kwangila sai ta kalla sau biyu.

Marin farko a kan ruwan wanka ne. Barira ba ta yi kuka ba. Mahaifiyarta Asta Bafulatana ce, ta raine ta a kan cewa 'yar mutunci ba a jin muryarta, ko naƙuda take yi sai dai ta ciji zane. Amma shi marin yana da tasa muryar, ga ɗakunan haya bango ɗaya. Don haka da ta ga idonsa ya kaɗa, sai ta miƙa hannu ta murɗa rediyo har ƙarshe. Rediyon Kaduna na ta gaishe-gaishe, shi yana ta jibgarta. In ya huce ya zo ya durƙusa yana hawaye, ita ce ma mai rarrashi.

Da kunnen ya ƙi dawowa, ta yi yaji zuwa gidansu a Gabukka.

"Munyal, 'yata," in ji Asta, wato haƙuri. Ko ɗago kai daga tankaɗen da take yi ba ta yi ba. "Ke kika zaɓe shi."

"Dada, kunnena ya mutu!"

"Rage murya. Maƙwabta na ji."

Yayanta Sallau ne ya kasa haɗiyewa. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba. Da Ja'afaru ya aiko da biko, goro da turmin atamfa, Sallau ya mayar da su ko kwancewa bai yi ba. Ya ce wa ƙanwarsa, "Shari'a ba ta ce ki zauna a kashe ki ba. Mace in ana cutar da ita, alƙali na iya raba auren ko mijin bai so ba. Gobe za mu kotu."

Ta kwana biyu tana kuka kafin ta yarda. Kunya take ji, kuma Allah ya sani, kewarsa take yi.

A kotu Ja'afaru ya zo fes da shi, farar shadda, hula ta zauna daram. Ya ce santsin bakin rijiya ne ya kwashe ta. Alƙali, wani dattijo mai sanyin magana, ya dubi Barira.

"Baiwar Allah, likita ya ce kunne ya taɓu, amma bai ce ga wanda ya taɓa shi ba. Kina da shaidu?"

Aka kira Malam Jalo mai gidan hayar, da wani tela da ɗakinsa ke jikin nasu.

"Me kuka ji?"

Malam Jalo ya sosa ƙeya. "Allah ya gafarta malam, tsakani da Allah... rediyo muke ji. Har muna cewa amaryar nan akwai son kiɗa."

"Ba kuka? Ba ihu?"

"Ko tari ba mu taɓa ji ba."

Hilda ta miƙe daga baya. "Ni na ga shatin hannu a fuskarta!"

"Ta ce miki shi ne?"

Hilda ta ce a hankali, "Ta ce ƙofa ce."

Barira ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Duk asirin da ta rufa masa, ga shi yau ya taso ya tsaya a bayansa yana ba da shaida. Ta yi masa aikin da ko lauya ba zai yi masa ba, kuma kyauta.

Alƙali ya numfasa. "Ban ce ƙarya kike yi ba, amma ba na hukunci da abin da ba a tabbatar ba. Hanya biyu ta rage. Ko ki nemi hul'i, ki mayar masa da sadakinsa ki fanshi kanki. Ko in zaunar da ku a gidan mutanen kirki waɗanda kotu ta amince da su, su zama idona da kunnena. In sun shaida cuta, zan raba ku, ba ki biyan komai."

"Zan biya!" Sallau ya faɗa. "Ko kekena zan sayar!"

"A'a, Yaya," in ji Barira. "A dake ni, kuma in biya ladan duka? A kai mu gidan."

Haka ta faɗa a fili. A can ƙasan zuciyarta kuwa wani abu ne daban, tana fatan idon mutane ya dawo mata da Ja'afarun da ta sani.

Aka kai su Kumbiya-Kumbiya, gidan Malam Yuguda, wani dattijo da ke jan sallah a masallacin unguwa. Kullum bayan la'asar yana zaure da amininsa Bubayero suna hira. Ɗakin da aka ba su yana kallon zauren.

Kai, Ja'afaru ya iya zama mutum in ya ga dama! Tsire a takarda, sabulu mai ƙamshi, har wanki ya taya ta. Ya koma raɗa mata magana, da ya lura ba ta amsawa ta hagu sai ya zagayo ta dama. Matar Malam Yuguda har tsiya take mata, wai irin wannan miji ake kai ƙara? Barira ta fara yi wa kanta faɗa, ta ce ƙila gaggawa ta yi.

Ran nan ya dawo da wuri, an yi masa faɗa a wurin aiki. Tana tsugune tana tsince shinkafa, ƙofa na hagunta. Ya kira ta. Ya sake kira. Ba ta san ma ya shigo ba sai da ta ga takalminsa a gaban tire.

"Ni nake kira kina banza da ni?"

"Wallahi ban ji ba... ta wannan gefen ka..."

"Gori za ki yi min? Bayan kin tozarta ni a gaban alƙali?"

Ya janyo ta cikin ɗaki ya tura ƙyaure. Idon nan ya kaɗa, irin kaɗawar da ta sani. Ya zare bel ɗinsa, ya nuna rediyon da ke kan kwaba da haɓa.

"Kunna."

Hannunta ya tafi da kansa, kamar yadda ya saba. Har yatsunta sun taɓa maƙunnin. Sai ta tsaya. Ashe ya sani! Duk tsawon lokacin nan ya san abin da rediyon take yi masa, har ya mayar da ita kayan aiki, kamar bel ɗin. Wani abu mai ɗaci ya taso mata tun daga ciki, ya kone sauran fatan da ta ɓoye.

Ta janye hannunta.

Bel ya sauka a bayanta. Barira ta buɗe baki, ta nemi muryar da aka hana ta tun tana yarinya.

"Wayyo Allah! Jama'a ku cece ni! Zai kashe ni!"

Shi kansa sai da ya firgita. Ya kai hannu zai toshe mata baki, ta ƙara ƙwallawa. Ƙyaure ya buɗe da ƙarfi. Malam Yuguda da Bubayero suna tsaye, ga bel a hannun Ja'afaru, ga jini a leɓenta.

"Mun gani," in ji Malam Yuguda. "Ajiye shi, yaro."

Zaman kotu na biyu bai daɗe ba. Dattawa biyu suka faɗi abin da idonsu ya gani. Alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ya ce ko allura ba za ta mayar ba. Ya ƙara da cewa in tana son hakkin kunnenta, ko ta kai maganar dukan gaba, ƙofa a buɗe take. Sallau ya ce za su yi shawara.

Asta na zaune a gindin dalbejiya a wajen kotu, ta ƙi shiga.

"An ce har masallaci aka ji muryarki."

"An ji, Dada."

Tsohuwar ta kamo hannun 'yarta ta riƙe gam, hawaye na bin fuskarta. "Da ma ni ma na iya," ta ce.

Suna shirin tafiya Ja'afaru ya fito. Ya rame, hular ma a karkace. Barira ta kasa ɗauke ido daga kansa, don so ba ya mutuwa ranar da alƙali ya yi hukunci. Ya matso kafin Sallau ya tare shi, ya sunkuyo kamar yadda yake yi a ƙofar gidansu tun suna saurayi da budurwa, ta gefen hagu. Ta ga leɓensa na motsi. Ta ji ɗumin numfashinsa a wuyanta. Ya daɗe yana magana, yana kuka.

Da ya gama ya tsaya yana jiran amsa. Ta dube shi kawai, hawaye na zuba, ta wuce.

Sai da suka kai bakin titi Hilda ta taɓa ta. "Ni na ji abin da ya ce. In gaya miki?"

Barira ta goge fuska da bakin gyale.

"Bar shi, Maman Noah. Kunnen da ya yi wa maganar, shi ya kashe shi."