Notuna Shida a Kan Maganaɗisu

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana wata mata ta shigo caji ofis tana haki.

"Yallaɓai, an sace mini na'ura. Ƙwai ɗari biyu na can suna hucewa, jibi za su ƙyanƙyashe."

Kofur ya fara murmushi. Kallo ɗaya Sufeto ya yi masa ya haɗiye abinsa.

Injiniya ake ce mata a layinsu, da gatse aka fara har sunan ya bi ta. Tela ce, ba ta taɓa shiga ajin kimiyya ba. Da tsofaffin rediyo ta koya wa kanta aikin lantarki, da wayar hannu ta koyi rubuta manhaja. Shekara guda ta yi tana haɗa 'yar na'urar da ke auna zafin akwatin ƙyanƙyasa, take kuma juya ƙwai da kanta. Irin waɗannan mutane ba su da yawa, masu raina su ne suka yi yawa.

Ɗakin aikin yana bayan shagonta. Keken ɗinki a gefe, tebur cike da wayoyi kala-kala, kowace kwalba da takardar abin da ke cikinta. A jikin akwatin, inda na'urar take a da, sai rami.

Sufeto ya durƙusa. Shekara ashirin yana ganin aikin ɓarayi, da almakashi ko fizga suke gamawa. Nan ba a yanke waya ko ɗaya ba. An narkar da dalmar kowace an zare ta. Notuna shida na jere a kan maganaɗisun tsohuwar lasifika, daga babba zuwa ƙarami. Bakin ƙarfen dalma a goge, yana ƙyalli.

"Ke kika sa fitilar nan a cikin akwatin?"

"A'a. A kunne na tarar da ita. Tana rage sanyi, amma ba za ta kai su yamma ba."

"Ɓarawo mai tausayin ƙwai. Wa kike zargi?"

Ta kalli notunan, ta ɗauke kai. "Ban ga kowa ba, yallaɓai."

Ba abin da ya tambaya ke nan ba, kuma ya lura.

Maƙwabcinta mai sayar da kaji ya rantse tun safe yana kasuwa.

Sufeto ya ce, "To gashin kazar da ke bakin tagarta fa? Tashi ya yi ya zo?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "Leƙe kawai na yi, yallaɓai. Kullum nakan leƙa. Abin ne yake ba ni mamaki, akwati ya zama uwa! Yau wajen sha biyu na ga ƙofa a buɗe da makulli a jiki, na ji ƙaurin dalma. Na ɗauka ita ce."

A lokacin Injiniya tana asibiti ta kai mahaifiyarsu awon ido. Makulli na biyu yana rataye a gida, inda ƙaninta Auta yake zaune. Takardar shaidarsa ta fasaha tana bango cikin gilashi, shekara biyu ba aiki.

"Ni? Ai ko ƙofar ɗakin ba na shiga," in ji Auta. "Kayan wasan Yaya ne. Ni injina na gaske na karanta."

"Madalla," in ji Sufeto. Ya zaro tocilarsa daga aljihu. "Wannan ta ƙi kamawa. Taho ka duba mini, tunda ga mai ilimi."

Suka koma ɗakin aikin tare da Injiniya. Auta ya zauna yana hura hanci. Ya kwance tocilar, ya gano wayar da ta tsinke, cikin minti uku ta haska. Gaskiya yana da hannu. Sufeto bai kalli tocilar ba. Notuna huɗu ya kalla, da Auta ya jera a ƙasan shidan nan, daga babba zuwa ƙarami. Sannan ya ga ya goge bakin ƙarfen a jiƙaƙƙen soso, ya shafa masa dalma, ya ajiye.

"Wa ya koya maka haka?"

Auta ya bi idon Sufeto. Hannunsa ya tsaya cak.

"Mutum biyu ke aiki haka a layin nan," in ji Sufeto. "Ɗaya ita ta kawo ƙara."

Sai Auta ya sunkuyar da kai. "Gobe wani kamfani zai gwada masu neman aiki. Sun ce kowa ya zo da abin da ya ƙera. Ni takarda gare ni, Yaya, ba ni da komai. Da na dawo da ita."

"Da ka tambaye ni, da mun ƙera taka tare," ta ce. "Tana ina?"

Kofur ya je gida ya ɗauko ta daga ƙarƙashin gadon Auta, a naɗe cikin tawul. Ya ciro ankwa.

Injiniya ta ce, "Yallaɓai, a ba ni shi minti goma. Hannu biyu sun fi sauri."

Sufeto ya ɗaga wa Kofur hannu. Ya tsaya yana kallonsu, ita tana riƙe waya, shi yana ɗiga dalma. A ta biyar ta ja wayar kaɗan.

"Wannan bai kama ba. Sake."

Ya sake. 'Yar fitilar na'urar ta yi kore, lambobin zafi suka fara hawa, tiren ƙwai ya karkata a hankali. Sufeto ya ga kansa ya cire hula bai sani ba.

Auta ya goge bakin ƙarfen, ya ajiye, ya miƙa wa Kofur hannuwansa. Da suka kai ƙofa ya waiwayo.

"Yaya, in sun fito ki aiko mini nawa suka rayu."

Kunnenta na manne da jikin akwatin.