Bangon Da Kowa Ke Dafawa

Ranar buɗe baje kolin, kowa ya tsaya nesa da bangon ɗanyen yumɓun, hannuwa a baya. Budurwar da ta gina shi sai cewa take, "Ku dafa mana, don ku na yi shi!" Babu wanda ya motsa sai wani dogon saurayi, ma'aikacin jinya. Ya naɗe hannun farar rigarsa, ya danna tafinsa har ya lume.

"Ka ɓata rigarka," ta ce tana dariya.

"Za ta wanku. Ina kuma zan dafa?"

Nan take 'yan kallo suka yi caa a kan bangon. Tun daga ranar take ce masa Karambani, shi kuma ya ce mata Gimbiyar Laka.

Mai zauren baje kolin ma yana sonta, kuma shi Babanta ya fi so. "Shi zai mayar da ke mai zane na mutunci," in ji Baba. "Wancan kuwa zuga ki yake kina wasan taɓo."

"Baba, ka gafarce ni, amma aikina ne. Kuma wanda ya raina shi ba zan zauna da shi ba."

Wata safiya ta tarar an gitta igiya a gaban bangon, ga Karambani riƙe da bakin igiyar. Ta juya ta fice, idonta jawur. Sai ga saƙonsa:

"Gimbiyata, mai zauren ne ya ɗaura, wai yara na ɓata masa tayil. Kwancewa nake. Ki dawo, ɗaya ƙullin ya gagare ni."

Ta dawo da almakashi, ta datse igiyar a gaban mai zauren.

"Sai ki kwashe kayanki!" ya daka mata tsawa.

"Yau kuwa."

Ita da Karambani suka sake gina bangon a bakin titi, inda 'yan makaranta da direbobi suka riƙa yin layi. Mai zauren bai ƙara taka gidansu ba. Baba ya yi fushi, ya gaji, ya sauko.

Ranar ɗaurin aurenta da Karambani, Baba ya kama hannun ango, ya daɗe yana kallonsa.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ka haƙuri, yaro. Taurin kan nan a wurina ta gada."