Tsohuwar Bakin Rijiya

Ke, bari ki ji abin da ya samu Bahijja! Mijinta Mikail ai aikinsa duba gidajen da mutanen da ke zaune Jidda suka bari a nan. Ya buɗe tagogi, ya saki famfo, ya tura wa masu gida bidiyo. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ta karɓi makulli, ta goya ɗanta, ta nufi wani gida a unguwar Dukawuya bayan magariba.

Ta buɗe kwaɗo, ta yi sallama don sabo kawai. Sai aka amsa.

Wata tsohuwa ce zaune can ƙarshen tsakar gida, bakin rijiya. Bahijja ta tsaya daga ƙofar zaure.

"Sannu, Iya. An ce mini ba kowa."

"Ina za ni, 'yar nan? Ɗan naki ya yi haƙori?"

"Jiya-jiya ya fito, Iya!" Murna ta kwashe ta, ta hau kwance goyo. Ai ba a hana babba ɗaukar yaro.

"Miƙo shi."

Yatsu masu sanyi suka kama ƙafar yaron. Bahijja ta ɗaga kai. Tsohuwar tana can zaune bakin rijiya, ko motsi ba ta yi ba.