Ƙugiyoyin Tsohuwar Mayanka

Da la'asar sakaliya mai tasi ya sauke mu a ƙofar tsohuwar mayankar, ni da Yaya. Aikin ba wani mai wuya ba ne. Wani kamfani ne ya sayi ginin zai mayar da shi zauren taro, suna son hoton zagaye na cikinsa, irin wanda mutum zai riƙa jan yatsa a waya yana leƙa kowace kusurwa kamar yana tsaye a wurin. Da irin wannan aikin muke ci tun da Yaya ya sayar da motarsa ya sayo na'urar.

Gimbiya yake ce mata. Kyamara ce a kan wani kai mai inji, kan kuma a kan ƙafa uku. In an saita ta, ita kaɗai take juyawa. Ta ɗauka, ta matsa kaɗan, ta tsaya, ta sake ɗauka, har ta zagaye ɗaki, sannan ta ɗaga kai ta bi rufi. Ko ni da muke ciki ɗaya, sai na goge hannuna kafin ya bari in taɓa ta.

Dillalin da ya kawo makulli bai shiga ba. Ya buɗe ƙofar, ya ja da baya.

"In kun gama ku ja ta kawai," ya ce, ya hau babur ɗinsa.

Yaya ya bi shi da kallo. "Wannan kuwa ko ya bar tukunya a wuta ne?"

Na yi dariya. Da na shiga, dariyar ta tsaya.

Zaure ne dogo. Fararen tayil na bango duk sun koma ruwan ƙasa. Wata magudana ta ratsa tsakiyar siminti, busasshiya ƙayau. A sama akwai dogon ƙarfe da ya bi rufin daga farko har ƙarshe, ƙugiyoyi na rataye a jikinsa a kan ƙananan tayoyi, duk an tura su can ƙarshen zauren. Wurin na warin tsatsa da danshi. A ƙarƙashin warin kuma akwai ƙarni, siriri, kamar na jiya-jiya, alhali an yi shekaru da rufe wurin.

Simintin ba a daidai yake ba, saitin ya ci mana lokaci. Kafin Yaya ya gamsu, hasken tagogin sama ya yi ja.

"Yaya, magariba ta kawo jiki. Mu bari sai gobe mana."

"Ai wannan hasken nake jira, Auta. Yanzu za ta gama."

Ka'idar aikin ita ce mai hoto ya ɓuya, domin Gimbiya ba ta barin komai a ɗaki. Muka shige wani ƙaramin ɗaki na gefe inda tsohon sikeli yake, muka tura ƙofar, muka duƙufa kan wayar Yaya. Ya danna.

Zuuu. Ƙas.

Hoton farko ya shigo. Bango.

Zuuu. Ƙas. Taga. Ginshiƙi. Ƙofar da muka shigo. Ƙarshen zauren da ƙugiyoyinsa a cunkushe.

Sai shiru.

Yaya ya girgiza wayar. "Me ya tsayar da ita?"

Zuuu. Wannan karon ƙarar ta yi tsawo. Baya ta koma. Tun da aka sayo ta ban taɓa ganin ta koma baya ba.

Ƙas.

Ƙarshen zauren ne dai. Amma ƙugiya ɗaya ta fita daga cikin 'yan'uwanta, tana rataye a tsakiya.

Ƙas.

Ƙugiyar ta matso. Magudanar da ke ƙarƙashinta ta jiƙe, baƙi wuluk, tana sheƙi.

Ƙas.

Akwai mutum a tsaye. Rigar leda irin ta mahauta, doguwa har ƙasa, jiƙe sharkaf. Hannuwansa sun wuce gwiwa. Hoton ya yanke shi a ƙirji saboda tsawonsa.

Na damƙi hannun Yaya. Sanyi ƙalau.

Muka ji injin yana ɗaga kai a hankali. Sama yake nema. Fuska yake nema.

Ƙas.

Allon wayar ya yi baƙi.

Daga cikin zauren wata ƙara ta taso. Shiii, shaa. Shiii, shaa. Ana wasa wuƙa. Ƙarnin ya cika ɗakin da muke har na ji shi a harshena. Sai murya ta shigo ta ƙasan ƙofa, ƙasa-ƙasa, a bushe.

"Ku rufe mata ido."

Na fara a'uziyya, harshena na harɗewa. Can muka ji ƙiiii, ƙafafun na'urar na jan siminti. Wani yana jan ta.

Yaya ya miƙe.

"Yaya, don girman Allah," na raɗa masa.

"Abincin 'ya'yana ne a can, Auta."

Ya fizge hannunsa ya buɗe ƙofar.

Babu kowa a zauren. Gimbiya ce kaɗai, ta bar inda muka kafa ta, tana tsaye a bakin magudana. Yaya ya ruga. Ya kusa kai hannu gare ta ke nan, rufin ya ɗauki ruri.

Ƙugiyoyin ne. Duka. Suka taho a guje a kan ƙarfen, tayoyinsu na ƙara, tsatsa na zubowa.

"Yaya, sunkuya!"

Ta farko ta wuce ta saman kansa. Ta biyu ta tsaga masa kunne. Wata ta sauko, na rantse da Allah saukowa ta yi, sarƙarta ta ƙara tsawo, ta shige ƙasan allon kafaɗarsa ta hagu. Na ji ƙarar shigarta. Kamar an soka wuƙa a kankana.

Ta ɗaga shi.

Takalminsa ɗaya ya faɗo. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa a bakin mutum ba. Ƙugiyar ta ja shi a guje, ta maka shi da ginshiƙi, ta dawo da shi, ta sake makawa. Jini ya yi feshi a kan tayil.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na rungume ƙafafunsa na tura sama, don nauyinsa ya ragu a kan ƙarfen. Jininsa na zuba a kaina, ɗumi, yana shiga idona.

Wani abu ya mare ni.

Ban ga hannu ba. Na dai ji ni a cikin magudana, bakina cike da gishiri, haƙorina a kan harshena. Abin da ke gudu a magudanar ya jiƙa min zane har cinya.

Zuuu. Ƙas.

Na ɗaga kai. Gimbiya na kallona.

Zuuu. Ƙas. Ta juya ga Yaya. Duk ɗauka ɗaya, sai ƙugiyar ta ƙara ɗaga shi.

Wasa wuƙar ya tsaya. Takun ƙafa ya maye gurbinsa. Caɓ. Caɓ. Wajen Yaya yake nufa. Rigar Yaya ta fara tsagewa daga wuya zuwa ƙasa, a hankali, layi ɗaya miƙaƙƙe, yadda ake fara fiɗa.

Hannuna ya faɗa kan wani guntun ƙarfe. Na tashi.

Yaya ya gan ni. Yana rataye, baki na jini, amma sai da ya ce, "Auta... kar ki..."

Na ɗaga ƙarfen da hannu biyu na sauke a kan gilashin idon Gimbiya.

Ya tarwatse.

Na sake. Na sake. Kan injin ya karye ya rataya da waya, yana zuuu, zuuu, yana neman juyawa. Na taka shi har ya yi shiru.

Yaya ya faɗo tim.

Ban duba sama ba. Na kama shi ta hammata na ja. Numfashi na bin ƙeyata, mai zafi, mai ƙarni. Ban waiwaya ba. Na ja, na faɗi, na tashi, na ja, har duga-dugansa suka tsallake dokin ƙofa.

Ƙofar ta rufe kanta a bayanmu.

A ciki, shiii, shaa. An koma wasa wuƙa.

Wani direban babbar mota ne ya tsince mu a bakin titi. A asibiti na ce faɗowa ya yi a kan ƙarfe. Likitan ya daɗe yana duban miƙaƙƙen yankan da ke ƙirjin Yaya, sannan ya dube ni.

Yaya ya rayu. Hannun hagunsa ne bai ƙara ɗaguwa ba. Bai taɓa yi min maganar na'urar ba, ni ma ban tayar ba. Yanzu hoton fasfo muke ɗauka a ƙaramin shago, ni ke riƙe kyamara, shi yana gyara wa mutane zama.

Bayan ya warke ne matarsa ta ja ni gefe a tsakar gida, idonta ya yi ja.

"Auta, kin lura da tafiyar yayanki?"

Na ce ban lura ba.

"To ki duba."

Ya fito daga ɗaki da buta, yana yi wa ƙaramar 'yarsa wasa. Na dubi ƙafafunsa. A kan yatsu yake tafiya, kafaɗar hagu a ɗage. Duga-dugansa ba sa taɓa ƙasa.